Mai ciwon fata mai saɓa, ka lura da gaɓoɓinka

Akwai wani ciwon fata da likitoci ke kira soriyazis. Fata takan yi kauri wuri-wuri, ta bushe, tana zubar da saɓa kamar dusa. Ya fi fitowa ga gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, ƙugu da fatar kai. Ga baƙar fata tabon yakan yi duhu ko toka-toka. Ba kuturta ba ce, ba ƙazwa ba ce. Ba a ɗaukarsa ta gaisuwa ko ta cin abinci a akushi ɗaya. A shekarar 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lasafta shi cikin cututtuka masu tsanani waɗanda ba su yaɗuwa.

Ciwon nan ba kullum yake tsayawa ga fata ba. Asalinsa garkuwar jiki ce ke kuskure, ta faɗa wa fatar mai ita, kuma tana iya faɗa wa gaɓoɓi. Cikin mutum 10 masu shi, 2 zuwa 3 sukan samu kumburin gaɓoɓi. Galibi fata ke farawa, gaɓoɓi su biyo baya da kamar shekara 10. A ganina waɗannan shekaru dama ce babba, amma muna zubar da ita. In yatsa ya kumbura sai mu ce sanyi ne, ko gajiyar noma.

Su wa haɗarin ya fi kusa da su?

Na ɗaya, wanda ciwon ya taɓa akaifunsa, wato ƙumba. Akaifa ta yi ƴan ramuka, ko ta yi kauri, ko ta ɗaga daga nama. Saiwar akaifa tana dab da gaɓar ƙarshen yatsa, shi ya sa wannan alama take da nauyi.

Na biyu, wanda ciwon ya kama fatar kansa ko tsakanin ɗuwawunsa, da wanda ya mamaye masa jiki da yawa.

Na uku, gado. In uwa, uba ko ɗan uwa na jini yana da kumburin gaɓoɓi irin wannan, a ƙara lura.

Na huɗu, ƙiba. Kitse mai yawa yana hura kumburi cikin jiki, yana kuma ɗora wa gwiwa da diddige nauyi.

Na biyar, rauni ga gaɓa ko ƙashi, da yawan ɗaukar kaya masu nauyi, suna iya tayar da ciwon.

Na shida, sida. A ƙasar Zambiya likitoci sun tarar da cewa mafi yawan masu wannan kumburi da suka duba suna ɗauke da ƙwayar cutar. Wanda ciwon fatarsa ya tsananta farat ɗaya, ya kyautu ya yi awon jini.

Gado ba a hannunmu yake ba, amma ƙiba tana hannunmu. A nan ne nake da magana da mata da mazajensu. Mun saba ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata, har wasu na sayen ƙwayar desametazon wurin masu tallar magani don su yi jiki. Ga mai soriyazis wannan ɓarna biyu ce. Ƙwayar tana ƙara ƙiba, kuma ranar da aka daina shanta kwatsam, ciwon fatar na iya dawowa fiye da da. Amma mai kilo 90 da ya rage kilo 5, magani yakan fi yi masa aiki.

Yaya za a bambanta shi da gajiya? Gajiyar hauya da taɓarya takan sauka in an huta. Wannan kuwa da asuba ya fi tsanani. Gaɓoɓi su sandare fiye da minti 30, sai an motsa su saki. Yatsa guda yakan kumbura tun daga gindi har kai. Diddige yakan yi ciwo in an taka ƙasa. Wani lokaci ido ya yi ja da zafi.

Wanda ya ga haka, ya tafi asibiti, ya nuna fatar da akaifun tare da gaɓar. Wani bincike na ƙasar Ailan a 2015 ya nuna jinkirin wata 6 ma yana ƙara lalacewar gaɓa, kuma gaɓar da ta lalace ba ta komawa yadda take. Akwai magani, kamar metotireksat, wanda ake sha sau ɗaya a mako bisa umurnin likita. Mai ciki ba ta shansa.

Ku kuma malaman asibiti, duk mai wannan ciwon fata da ya zo gabanku, ku duba akaifunsa, ku tambaye shi yadda yake tashi da safe. Tambayar ba ta cin ko dala, amma tana iya tsare hannun da zai riƙe hauya damana mai zuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.