'Yan Amshi da Bashin Godiyar da Ba a Biya Ba

Hausawa kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Maganar gaskiya ce, amma da sauranta, domin mafi yawan waƙoƙin baka na Hausa ba baki ɗaya ne ke ɗauke da su ba. In aka ɗebe irin su Ɗanmaraya Jos, wanda ya yi zamaninsa daga shi sai kuntiginsa, da wuya a sami makaɗin da ya shahara ba tare da 'yan amshi a bayansa ba. Narambaɗa da Ɗankwairo da Shata duk da jama'arsu suka tsaya. A waƙar fada ma aikin 'yan amshi ya wuce maimaita gindin waƙa, don sukan karɓe ɗa daga bakin jagora su ƙarasa masa, har su yi ƙari. Duk da haka, in aka duba kundayen da ɗalibai ke rubutawa, sunan jagora ake gani a bango, masu karɓa masa kuwa sai an tona.

Wannan rashin godiya ya fi tsanani ga waƙoƙin taron jama'a, waɗanda ba su da wani shahararren jagora ko kaɗan. Ƙasar Rano da Kibiya ta isa misali. Rano tana cikin Hausa Bakwai, ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo, kuma tun shekarar 2024 masarautarta ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure. Ƙasa ce ta manoma, wadda aka daɗe ana haɗa murya a cikinta kamar yadda ake haɗa hannu. Samari a gonar gayya suna bin gangar noma da amshi. Mata wajen daka da niƙa da daɓen ɗakin amarya, ɗaya ta ba da waƙa saura su karɓa. 'Yan mata a dandali da farin wata suna gaɗa da tafi. In watan Mauludi ya kama, malamai da almajirai su zauna da dare suna rera Ishiriniyar Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, yaran Islamiyya kuma su fito sahu sahu da waƙoƙin bege. A ƙauyukan kudancin Kano da ke da Hausawa Kirista, ƙungiyar Zumuntar Mata na rera nata waƙoƙin da Hausa tsantsa.

Amfanin wannan haɗa murya a fili yake. Na farko, yana rage nauyin aiki. Taɓarya uku a turmi ɗaya ba za su sauka ba tare da karo ba sai da kari guda da kowa ke bi, waƙa ce kuwa ke riƙe wannan karin. Na biyu, makaranta ce. Yaron da ya tashi yana amshi ya san tsawon gaɓa da hawa da saukar murya tun bai ji sunan aruli ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta gane haka sarai, shi ya sa ta ɗora karatun 'Yan Taru a kan waƙa, jajis suna kai wa matan ƙauye su haddace tare. Na uku, amshi ba ya korar kowa. Ba a tambayar zaƙin murya kafin a shiga, kuma matar da kunya ta hana ta faɗin damuwarta a gaban uwar miji takan sami hanyar amayar da ita cikin habaicin waƙar niƙa, sauran mata su tallafe ta da amshi.

To, sai ga shi wuraren da waɗannan waƙoƙi ke rayuwa suna ta raguwa. Injin niƙa ya kwantar da dutse, siminti ya kori maɗaɓi, ƙwadago da maganin feshi sun rage gayya, dandali kuma ya yi sanyi a garuruwa da yawa. Ba mai hankalin da zai ce mata su koma durƙuso a kan dutsen niƙa don a ceci waƙa. Abin lura shi ne, duk tsohuwar da ta rasu da waƙoƙin daɓe a kanta ta tafi da kalmomi da salon da babu su a ƙamus.

Wani zai ce ai waƙa ba ta taɓa yawaita kamar yanzu ba, tunda kowace waya cike take da ita. Amma sauraro daban, rerawa daban. Mai sauraron waya shi kaɗai ne ko da a tsakiyar kasuwa yake, mai amshi kuwa dole ya saurari na kusa da shi, ya jira shi, ya daidaita numfashinsa da nasa. Wani kuma zai ce dandali ya zama matattarar fitsara. Ko an yarda da haka a wasu wurare, gyara ya kamata da sa idon manya, domin ba a rushe rumbu saboda ɓera.

Yaba kyauta tukuici, in ji masu iya magana, amma tukuicin ɗalibin Hausa aiki ne. Ya kamata sassan Hausa su riƙa tura ɗalibai Rano da Kibiya da Rurum lokacin hutu, su ɗauko waƙoƙin a wurin da ake yin su, da amshinsu da tafinsu, su rubuta sunan unguwa da na masu rerawa in sun yarda, a adana a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero. Malaman firamare na yankin kuma su mayar da waɗanda suka dace cikin aji, yara su rera da bakinsu. Tsofaffin da suka san waƙoƙin suna nan da ransu a yau, kuma ba za su jira a gama shawara ba.