RA'AYINMU: Hunturu ya kama, a saida ma mata man da suka tambaya

Hunturu ya kama. Duk wanda ya yi sammako zuwa babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko ta Tawa, ko Katako da Wadata a Yamai, ba sai an gaya mashi ba: leɓe ya tsage, ƙauri ya yi furu-furu, dunduniya ta fara faso. Daga watan Nowamba zuwa Fabrairu, iskar da ke busowa daga hamada busassa ce ƙayau. Yadda take ƙafar da tumatir da kuɓewa da aka shanya bisa tabarma, haka take yi ma fatar ɗan Adam. Kuma ba wanda ya kai ƴan kasuwa shan wannan iska. Mai awon hatsi tana yini cikin ƙura, mai tuwon saidawa hannunta na cikin ruwan sabuni tun asuba, mai tuyar ƙosai tana tsakanin wuta da ɗari.

Wannan ne lokacin da kasuwar man shafawa ke ci, kuma ba mu ga laifin hakan ba. Macen da ta yini tana biɗar halaliyarta ta cancanci ta sayi mai mai kyau, ta yi wanka, ta shafa, ta kwanta jikinta luwai ba susa. Gyaran jiki ba almubazzaranci ba ne. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wani ciniki da ya zama ruwan dare a teburan kayan shafa, wanda a ganinmu cin amana ne.

Ga yadda abin yake faruwa. Mace ta zo ta ce: "Alhaji, jikina ke ƙaiƙayi, fatata duk ta bushe, a ba ni mai mai kyau." Sai a miƙo mata kwalba mai hoton wata farar mace, a ɗora mata wani ɗan magani na matsawa irin na man goge haƙori, a ce ta juye shi ciki ta cakuɗa. Ko kuma a ɗebo mata "haɗi" cikin roba, ba suna, ba takarda. Ita maganin bushewa ta zo saye, an saida mata man ƙara haske. Cikin sati guda ƙaiƙayi ya lafa, fuska ta yi sumul, ta dawo tana godiya, har ta jawo ƙawayenta. Mai tebur ya ga ya yi kasuwa. Bayan ƴan watanni labari ya sha bamban.

Domin a gane illar, sai a fara sanin abin da busassar fata ke buƙata. Saman fatar mutum kamar katangar ƙasa yake: akwai tubali, akwai yaɓe. Yaɓen shi ne wani maiƙo da jiki ke yi da kanshi, wanda ke tsare ruwa daga ciki, ya hana ƙura da datti shiga daga waje. Iskar hunturu, da ruwan zafi, da sabuni mai kaifi, da dirza da soson raga, su ke kankare wannan yaɓe. In ya zube, ruwan jiki ya tsere, fata ta tsattsage, sai duk abin da ya taɓa ta ya yi raɗaɗi. Wasu haka Allah ya halicce su, fatarsu ba ta son wargi, turare kaɗan ko sabon sabuni sai ta yi ƙuraje. Aikin man shafawa na gari shi ne maida yaɓen. Man kaɗe da basilin suna rufe fata, ruwa ya kasa fita. Gilisirin yana jawo ruwa ya riƙe shi. Babu ko ɗaya cikinsu da ke taɓa launin mutum, kuma babu buƙatar a taɓa shi.

Mayukan ƙara haske kuwa, abubuwa uku ne suka fi yawa cikinsu. Na farko shi ne kortikoyid, wanda za a gani a jikin kwali da sunan clobetasol ko betamethasone. Magani ne na gaske, likita na rubuta shi don ciwon fata, na ƴan kwanaki, a ɗan wuri ƙayyadadde. Shi ne ke kwantar da ƙaiƙayi nan da nan. Amma in aka shafe jiki da shi wata da watanni, fata na yin siriri har a riƙa hangen jijiyoyi, nankarwa ta fito manya-manya a damtse da cinya, ƙuraje da makero su samu wurin zama. Yana ratsa fata ya shiga jini, yana iya jawo hawan jini da ciwon suga. Rauni ba ya saurin warkewa, abin da ke zama babban haɗari ga macen da za a yi ma aiki wurin haihuwa. Mafi muni, ranar da ta daina, fuska ta ɗau zafi ta yi ja, ƙuraje su feso, sai ta ruga ta sake saye. Wannan ba abokiyar ciniki ba ce aka samu, fursuna ce aka kama.

Na biyu shi ne hydroquinone. Daɗewa ana shafa shi, ga kuma rana irin tamu, yana barin baƙin tabo a kumatu da goshi da bayan wuya, tabon da ke da wuyar fita ko an je asibiti. Na uku shi ne zaiba, wadda ake rubutawa mercure ko calomel, in ma an rubuta. Ita ƙoda da jijiyoyi take ci, tana kai wa ga ɗan da ke ciki, tana bin nono, har tawul da zanen gado tana iya shafa ma sauran mutanen gida.

Maganar ba tamu ba ce mu kaɗai. A shekarar 2011, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ruwaito cewa kashi 25 cikin 100 na matan Mali da kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da kayan ƙara haske a kai a kai. Tarayyar Turai ta hana sa hydroquinone cikin man shafawa tun 2001. Kodebuwa ta kafa dokar hana irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta hana masu hydroquinone a 2016, Ruwanda ta bi kasuwanni tana kwashe su daga ƙarshen 2018. A 2023 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ayyana lamarin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiyar ƙasa. A wannan shekarar ce kuma ƙasashen yarjejeniyar Minamata suka yanke cewa daga 2025 a daina yin duk wani kayan shafa mai zaiba, a daina fataucinshi. To, kowane ɗan kasuwa ya san hali: kayan da aka kora daga wata kasuwa, wata suke nema. Mu da hajarmu ke shigowa ta Ɗan Isa da Ƙonni da Magarya, wata kuma daga Lome da Abijan da Dubai da Sin, bai kamata mu zama bolar kowa ba.

Ga masu saye, ƴan uwa mata, shawararmu mai sauƙi ce. Kada ku yi cinikin biri a sama. Duk man da ba shi da jerin abubuwan da aka haɗa shi da su, ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa, a bar ma mai shi kayanshi. In ba ki karatun boko, ɗanki ko ɗiyarki ƴar lakwal ta karanta maki kafin ki biya. Abin da aka fara rubutawa a jerin shi ya fi yawa a ciki. Ki nemi glycérine, da vaseline ko petrolatum, da karité, wato man kaɗe. In kin ga peau sèche, na busassar fata ne. Peau sensible, na fatar da ba ta son wargi. Sans parfum, ba turare. In kuwa kin ga éclaircissant, ko clarifiant, ko teint clair, ko an yi alkawarin haske cikin kwana 7, to ba abin da kika zo saye ba ne. Akwai ɗan hoton gwangwani buɗaɗɗe da aka rubuta ma 6M ko 12M: yawan watannin da man zai yi ke nan bayan an buɗe shi.

A lura kuma da lissafi, tun da mu ƴan kasuwa ne. A ce kwalbar mililita 100 jika ɗaya ce, ta mililita 400 kuma jika biyu da rabi: babbar ta fi araha nesa ba kusa ba. Amma sabon man da ba ki taɓa shafawa ba, ƙarami za ki fara saye. Ki shafa ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu safe da dare, kwana uku har zuwa sati. In bai yi ja ba, bai yi ƙaiƙayi ba, sannan ki kai shi fuska da sauran jiki. Kuma a hunturu mai kauri ya fi mai ruwa-ruwa aiki. Tsada ba ita ce shaida ba: sau da yawa curin man kaɗe na dala arba'in ya fi kwalbar jika biyar amfani ga dunduniya.

Yadda ake shafawa ma rabin magani ne. Wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, kuma kada ya wuce minti 10. Sabunin wanki na tufafi ne, ba na jiki ba. A sassauta ma soso. Da an fito, a ɗan tsane jiki da tawul ba tare da gogewa ba, a shafa mai tun da sauran lema, domin wannan lemar ce man zai kulle. Gilisirin tsurarshi kan yi ɗanƙo ya yi zafi a fatar da ta tsage, sai a sirka shi da ruwa a bi shi da man kaɗe. Lemun tsamin da wasu ke matsawa ciki ƙara raɗaɗi yake yi. Mai faso ta jiƙa ƙafa da dare, ta goge kaushi a hankali, ta cika shi da basilin, ta sa safa ta kwanta. A farmasi akwai man kaushi mai urée kashi 10 cikin 100. Amma a kiyaye, ba takin buhu na gona ake nufi ba. Mai son ƙamshi ta sa turarenta da humrarta a tufafi. Jarirai kuwa, man kaɗe tsantsa ko basilin marar turare ya wadatar.

Akwai inda mai ba ya aiki. Ƙaiƙayin da ke hana barci kuma ya kama mutanen gida duka, sau da yawa ƙazuwa ce. Fason da ke zubar da ruwa, balle ga mai ciwon suga, na likita ne. Tabo mai haske da ba ya jin taɓi, a kai shi CSI ko asibitin Danja kusa da Maraɗi, ko cibiyar fata da kuturta ta Yamai. Kuturta na warkewa, maganinta kuma kyauta ne. Wadda ta riga ta daɗe tana shafa kortikoyid, kada kunya ta hana ta, kada kuma ta yanke shi dare ɗaya. Ta je likita ya nuna mata yadda ake rage shi sannu sannu.

Ga masu saidawa, Alhazai da Hajiyoyi da samari masu tebur, ku ne ƙofar da kayan ke bi su shiga gidaje. Mun san akwai riba a haɗi, mun kuma san wasu matan da bakinsu suke tambayar shi. Amma wadda ta ce maka fatarta ta bushe, ta ba ka amanar jikinta ne. Ba ta abin da ta tambaya. In ba ka san abin da ke cikin kwalba ba, ka ce ba ka sani ba. Kortikoyid magani ne, wurinshi farmasi, bisa takardar likita, ba tsakanin jan baki da kwalli ba. A kau da kaya daga rana, domin zafi na ɓata mai tun kafin ranarshi ta cika. Mai ƙulla basilin ko man kaɗe a leda ta ɗiba da cokali mai tsabta, ba da yatsa ba, kada kuma a sirka sabo da wanda ya yi ɗoyi. Addini ya hana algus, kasuwa ma ba ta yafe shi: ramin ƙarya ƙurarre ne. Macen da fuskarta ta ƙone ba za ta manta teburin da ta saya ba, kuma a gidan biki da gidan suna za ta faɗa. Ka tambayi kanka: wannan da nake miƙa mata, zan yarda uwargidana ko ɗiyata ta shafa?

Ga magabata, muna kira da a ɗauki kayan shafa kamar yadda ake ɗaukar magani da abinci. Ƙasar nan na da ɗakin bincike na LANSPEX a Yamai. A riƙa ɗibar samfuri daga kasuwanni ana aunawa, a bayyana sakamakon da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu a gidajen rediyo. Ma'aikatan duwan su san sunayen nan uku kamar yadda suka san kuɗin fito. Kada kuma a tsaya ga kwashe tiren ƙaramar mai talla, a bar mai shigo da kwali ɗari. Sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin mata ƴan kasuwa su ma suna da ta cewa, tun da maganarsu ta fi ta kowa shiga kunnen mai tebur.

Abu na ƙarshe, mu dubi abin da ke hannunmu. Itacen kaɗe na nan a jihar Doso, wajen Gaya, ga kuma na maƙwabta, Burkina Faso da Mali da Benin da Najeriya. Mata ne ke tsintar ƙwara, su dafa, su niƙa, su kaɗa har mai ya taso. Wannan man ne manyan kamfanonin Turai ke saye su zuba kaɗan cikin kwalba, su rubuta karité da manyan baƙaƙe, su maido mana da tsada. Na gari yana narkewa a tafin hannu, ba tsakuwa, ba warin tsami. Wadda ta saye shi ta gyara jikinta, ta kuma sa kuɗi a hannun wata ƴar uwarta.

Baƙar fata ba ciwo ba ce da za a nemo ma magani. Bushewa ce ke son mai, kuma man yana nan cikin kasuwa, da araha. A saya da ido buɗe, a saida da tsoron Allah. Allah ya ba mu lafiya, ya ba da kasuwa mai albarka, ya sa mu ga bayan wannan hunturu lafiya. Amin.