A Raya Zumuncin Makaɗa da 'Yan Wasa Tsakanin Ƙasashe

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in tunatar da jama'a wata ni'ima da muka ɗanɗana, sa'an nan muka bari ta kuɓuce mana.

A shekarar 1977, lokacin da aka yi bikin FESTAC a Legas, wanda ya gaji na Dakar na 1966, makaɗa da mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo na ƙasashe fiye da 50 suka hallara, har aka yi hawan daba a Kaduna, inda na ga baƙi sun yi tsit suna sauraron kakaki da algaita, tamkar almajirai a gaban malami. Haƙiƙa hikima da mu'amala take yaɗuwa, domin mai gurmi na Damagaram da mai kukuma na Katsina, muddin ba su haɗu ba, kowa da iliminsa zai tafi kabari.

Saboda haka ina kira ga hukumomin al'adu na Nijeriya da Nijar su sauƙaƙa wa masu fasaha guzuri da masauki, su riƙa gayyatar juna, gama zumunta a ƙafa take.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Zariya