Kyamarar da Ba Ta Ganin Launi

A shekarar 2012 kamfanin Leica na Jamus ya fito da kyamarar dijital mai suna M Monochrom, wadda ba ta ɗaukar hoto sai baƙi da fari. Wasu suka ce koma-baya ne. Ni kam ban yarda ba. Idon kyamara mai launi yana lulluɓe da ƙananan matatai ja, kore da shuɗi, dabarar Bryce Bayer na kamfanin Kodak, kuma matatan nan suna cinye haske mai yawa. In aka cire su, hoto ya fito tangaran ko da magariba.

Tsadarta ta fi ƙarfin makarantunmu. Amma malamin kimiyya a Taura yana iya kashe launin wayarsa, ɗalibai su ɗauki bishiyar kuka da hantsi da la'asar, su kwatanta inuwa.