Juwar da ke fitowa daga kunne

Daga Agye zuwa Gazawa da Gidan Rumji, wanda juwa ta kwasa in ya juya bisa shimfiɗa ko ya ɗago daga sujada, sai a ce iska ce, a saya masa ƙwayoyin kasuwa. Sau da yawa kunne ne: ƴan tsakuwoyin alli na can ciki kan ɓalle su faɗa bututun daidaita jiki, ɗaki ya yi ta juyawa, ƙasa da minti ɗaya. Lokotoro kan kwantar da mutum da sauri, kai a karkace, ya dubi rawar idanunsa. Magani kuwa juya kai ne daki-daki, dabarar Epley ta 1992, ba allura. Amma in baki ya karkace ko hannu ya mutu, a garzaya babban asibitin Maraɗi nan take.