Algaitar Borno Na Jiran Wanda Zai Naɗe Ta

A watan Yulin 1971 Fela Kuti ya shiga situdiyon Abbey Road da ke birnin Landan tare da ƙungiyarsa ta Africa 70, aka tara 'yan kallo, aka kunna na'urar naɗar sauti. Baƙonsu a wannan zama shi ne Ginger Baker, Baturen Ingila da ya yi suna da kiɗan ganguna a ƙungiyar rok ta Cream, ko da yake da kiɗan jaz ya fara. Abin da ya fito shi ne faifan Live!, mai waƙoƙi huɗu dogaye. Ana jin tafin jama'a da muryar Fela yana zolayarsu, ana kuma jin yadda Baker da Tony Allen ke sauraren juna, kowa na neman gurbin da ɗan'uwansa ya bari. Fela ya rasu a 1997, Baker a 2019, Allen a 2020. Faifan kuwa har gobe ana sayensa.

Darajar naɗin da aka yi a gaban jama'a ke nan. Waƙar situdiyo ana gyara ta har sai ta yi sumul, amma kiɗan dandali yana zuwa da kuskurensa da guɗarsa, da lokacin da makaɗi ya saki hanya ya bi wata sabuwa domin ya ga taro ya motsa. Kiɗan Arewa kusan duk irin wannan ne, kuma shi ne aka fi sakaci da adana shi.

Maiduguri na da abin da masu jaz ke ƙetare teku suna nema. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Shehun Borno ranar hawan Sallah ya san mai busa algaita: kumatu a kumbure, yana shaƙar iska ta hanci yana fitar da ita ta baki a lokaci guda, sautin ba ya yankewa ko na ƙiftawar ido, ganguna na amsa masa daga baya. Wannan dabarar numfashi ita ce wasu mashahuran masu busa na Amurka, irin su Roland Kirk, suka yi fice da ita, aka riƙa yi musu kallon masu abin al'ajabi. A Borno gado ne da yaro ke koya a gaban mahaifinsa. Ba banza ba Yusef Lateef, gwanin jaz kuma Musulmi, ya baro Amurka ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin sarewar Fulani, har ya naɗi faifan In Nigeria tare da makaɗan ƙasar nan.

Maƙwabta sun riga sun nuna hanya. A Jamhuriyar Nijar, Malam Maman Barka ya tafi gaɓar Tafkin Chadi ya koyi kiɗan biram na Buduma a hannun tsohon da ya rage da saninsa, ya fitar da shi a faifai a 2009, kafin rasuwarsa a 2018. Mdou Moctar, wanda jitarsa ta lantarki ta kai shi manyan dandalan Turai da Amurka, a gidajen bikin Agadas ya goge, kuma cikin abin da ya fitar akwai wanda aka naɗa a irin waɗannan bukukuwa. Tafkin nan guda ne, al'ummomin da ke kewaye da shi 'yan'uwan juna ne. Bambancin kawai shi ne can an sami masu riƙa makirufo.

Ba a ce ba a yi komai ba. Tun a shekarun 1980 Jami'ar Maiduguri da wasu masana daga Jamus suka fara tattara kaɗe-kaɗen Borno, kuma aiki ne da ya cancanci yabo. Sai dai abin da ke ma'ajiyar jami'a na manazarta ne, saurayin Gwange ko Bulunkutu ba zai same shi a wayarsa ba. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a ranar 10 ga Satumban 2024, wadda ta shiga har fadar Shehu da Kasuwar Monday, ta isa tunatarwa cewa kaset da takarda ba su da garkuwa a gaban ruwa.

Za a ce garin da ya kwashe fiye da shekara goma yana fama da tayar da ƙayar baya, yake kuma neman matsuguni da asibiti, ina shi ina kiɗa? Maganar tana da nauyi. Amma makaɗan nan su ma 'yan gudun hijira ne a cikinsu, waɗanda dokar hana fitar dare da tsoron taro suka kashe wa sana'a shekara da shekaru. Wanda ya yi musu faifai ya ba su jari. Masu ƙyamar abin ta fuskar addini kuma suna iya lura cewa algaita da ganga a fada suke, suna rakiyar Shehu zuwa filin Idi, ba a wani lungu ba.

Aikin bai fi ƙarfin ofis guda ba. Hukumar Raya Yankin Arewa maso Gabas a Maiduguri hedikwatarta take. Ma'aikatar da ke kula da al'adu da tattalin arzikin fasaha tana Abuja, haka ma Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa mai shirya bikin NAFEST, inda ake kiɗa mai kyau kowace shekara, a tashi taro ya bi iska. Abin da ake bukata shi ne dare biyu ko uku a wani zaure na jami'a, mabusa da makaɗan fada a gefe guda, matasa masu jita da ganguna na zamani a ɗaya gefen, injiniyan sauti wanda ya san aikinsa, da jama'ar gari a kan kujeru. Kada a tsara musu abin da za su kaɗa. A bar dattawan su ja gaba, matasan su bi.

Wurin da ake yawan zamewa shi ne takarda. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi kariya ga masu wasa da kuma fasahar gargajiya, don haka duk mataimakin da zai rubuta wa maigidansa wannan shawara ya sa a shafin farko cewa sunan kowane mabushi zai fito a jikin faifan, da kasonsa a rubuce, da kwafin asali guda a Maiduguri, guda a Abuja.