Kuɗin haya da farashin gida: Darasin lissafin da ke ƙofar gidanmu

Kafin mu shiga bayani, ga wata 'yar jarrabawa da za ku yi wa yaronku ɗan aji biyar ko shida na firamare yau da daddare. Ku ɗauki takarda ku rubuta masa lambobi uku: 1,500,000 da 1,050,000 da 1,005,000. Ku ce masa kuɗin hayar gidaje uku ne, ya karanta muku su da Hausa, sannan ya faɗi wanda ya fi araha. In ya amsa babu inda-inda, ku gode wa Allah, ku gode wa malaminsa. In kuwa ya tsaya yana ƙirga sifili da yatsa yana kallon fuskarku, to wannan rubutu naku ne.

Duk ukun da kayan aiki iri ɗaya aka gina su: lamba ɗaya, lamba biyar, da sifili guda biyar. Amma na farko miliyan ɗaya da rabi ne, na biyu miliyan ɗaya da dubu hamsin, na uku miliyan ɗaya da dubu biyar. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai ratar Naira 495,000, kuma abin da ya jawo wannan rata shi ne gurbin da biyar ɗin ta zauna. Wannan shi ne darasin darajar gurbin lamba, wanda malamai ke somawa da rubuta H da T da U a kan allo. Yara da yawa suna haddace haruffan su ci jarrabawa, amma da lamba ta wuce dubu sai kai ya ɗaure.

Me ya sa abin ya shafe mu?

A da, mai biyan kuɗi yana ƙirga takardu ne da hannu, nauyinsu ma kaɗai yakan gaya masa in ya yi kuskure. Yanzu kuɗi ya koma lamba a fuskar waya. Sifili ɗaya da yatsa ya ƙara yana mayar da 50,000 ta zama 500,000, kuma kowa ya san irin zirga-zirgar da ake yi kafin kuɗin da aka tura bisa kuskure su dawo. A gidaje da yawa kuwa yaran ne ke riƙe wa kaka ko uwa waya idan za a tura kuɗi, su ne kuma ake aika wurin mai POS. Gobe su ne za su karanta takardar yarjejeniyar haya, da rasiɗin fili, da lissafin rabon gado. Hatta a kan kwalin magani, bambancin miligiram 50 da 500 sifili ɗaya ne. Saboda haka batun ya wuce na cin jarrabawa, ya shafi tsare dukiya da lafiyar gida.

Dalilin da ya sa na zaɓi farashin gida shi ne, babu inda yaron birni ke haɗuwa da manyan lambobi kamarsa. Yana ganinsu a allunan dillalai a bakin titi, yana jin su a hirar manya duk lokacin da shekarar haya ta zagayo. Lamba a littafin makaranta ba ta da fuska, amma in aka ce kuɗin gidan nan mai jan ƙofa ne da muke wucewa kullum, sai yaro ya kasa kunne. Gani ya kori ji.

Kowace lamba unguwa ce

Ga hanya mai sauƙi. Ku ce wa yaro doguwar lamba kamar layin unguwa take, gidaje a jere. Daga hannun dama, gida na farko sunansa gidan guda, na biyu gidan dubu, na uku gidan miliyan, na huɗu gidan biliyan. Waƙafin da ake sawa bayan kowace lamba uku shi ne katangar da ta raba gida da gida. Kowane gida kuma ɗaki uku gare shi, tsarinsu iri ɗaya: daga dama ɗakin ɗaya, sai ɗakin goma, sai ɗakin ɗari. Ku zana masa wannan a takarda ko a bayan tsohuwar kalanda, akwati goma sha biyu, uku-uku.

Dokar unguwar guda biyu ce. Ta farko, ɗaki ba ya ɗaukar fiye da tara. Da sun cika goma sai a ɗaure su a mai da su mutum ɗaya a ɗakin da ke hagu. Ta biyu, ɗakin da babu kowa ba a rushe shi, ana sa masa sifili a matsayin kwaɗo. In aka cire kwaɗon, na maƙwabta za su gusa su cika wurin, lissafi ya lalace. Yaron da ya fahimci haka ba zai ƙara cewa sifili ba komai ba ne.

Sai ku rubuta 25,400,000 a cikin akwatunan. A gidan miliyan akwai 25, a gidan dubu akwai 400, gidan guda kuwa duk ɗakunansa a kulle. Karatu ya zama: miliyan ashirin da biyar da dubu ɗari huɗu. Ashe yaron da ya iya karanta lamba daga ɗaya zuwa 999 ya riga ya iya karanta biliyan, sunan gidajen kawai ya rage masa.

Inda Hausa da Turanci suka saɓa

A nan ne yaranmu da ke karatu da Turanci a makaranta suna magana da Hausa a gida ke tuntuɓe, kuma ba kasafai ake lura ba. Bature yana fara faɗin adadi ne sannan ya kawo sunan gida. Bahaushe kuwa sunan gida yake fara ambata: miliyan ashirin da biyar, dubu ɗari huɗu. Don haka yaron da ya ji an ce “dubu ɗari huɗu” yakan fara rubuta 1000, sannan ya rasa inda zai kai sauran. Ku nuna masa cewa idan ya ji miliyan ko dubu, an gaya masa gidan da zai shiga ne, abin da ya biyo baya shi ne zai zuba a ɗakunan.

Akwai kuma wani tarko a cikin maganarmu ta yau da kullum. Idan aka ce “dubu ɗari biyu da hamsin”, a kasuwa kowa zai ɗauka 250,000 ake nufi, amma kalmomin suna iya ɗaukar 200,050. Haka “miliyan ɗaya da ɗari biyu” a bakin dillali 1,200,000 ce, ya haɗiye kalmar dubu ne don sauri. Manya sun saba, yaro bai saba ba. Ku koya masa ya riƙa cika magana: dubu ɗari biyu da dubu hamsin, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ku gaya masa dalilin da ya sa a cekin banki ake rubuta kuɗi sau biyu, da lamba da kuma kalmomi, don kada a samu inda za a yi musu.

Kada ku manta da gajerun rubutun da ke kan alluna. Idan an rubuta 850K, dubu ɗari takwas da dubu hamsin ake nufi. Idan an rubuta 2.5M, ko jarida ta ce miliyan 2.5, miliyan biyu da rabi ke nan, wato 2,500,000. Yara da yawa kan karanta shi miliyan biyu da dubu biyar. Ku sa shi ya warware kowanne a cikin akwatunansa ya gani da idonsa.

Daga ƙarami zuwa babba

Da rarrafe yaro kan tashi, kada a fara ɗan shekara shida da miliyan. Shi tsinken tsintsiya ya ishe shi: ya ƙirga goma ya ɗaure da zare, ɗauri goma kuma ya haɗa su dami ɗaya na ɗari. Wannan ɗaure-ɗaure ba baƙo ba ne a lissafinmu. Iyayenmu sun san jaka, wadda fam ɗari ce a da, da aka koma Naira a 1973 ta zama Naira ɗari biyu, domin fam ɗaya Naira biyu aka canja shi.

Ɗan shekara takwas zuwa tara sai a shigo masa da kuɗi. Takardar Naira goma guda goma ta zama ɗari, ta ɗari guda goma ta zama dubu. Daga nan takardunmu sun ƙare, domin ta Naira dubu da aka fito da ita a 2005 ita ce mafi girma. To sai ya yanka kwali ya rubuta nasa na wasa: 10,000 da 100,000 da 1,000,000. Uwargida ta zama mai gida, shi ya zama ɗan haya, ki ce masa hayar shago 340,000 ce, ya biya. Dole ya miƙo kwalin dubu ɗari guda uku da na dubu goma guda huɗu. In ya kawo akasin haka, ki ce kuɗinsa bai cika ba, ya koma ya gano da kansa.

Ɗan shekara goma zuwa sama shi ne za a fita da shi. A hanyar makaranta ko kasuwa, ya kwafi farashi biyar daga allunan dillalai ko tallan jarida, a dawo gida ya jera su daga ƙarami zuwa babba, ya rubuta kowanne da kalmomi. Ku koya masa taƙaitawa: 24,800,000 ta fi kusa da miliyan 25 ko da miliyan 24? Ku tambaye shi kuma me ya sa gida mai ɗaki uku a Maitama ya fi irinsa na Mararaba tsada nesa ba kusa ba, ko na Ikoyi ya fi na Agege. Daga nan hira za ta kai ku ga darajar fili, da hanya, da kusanci da wurin aiki.

Ga wani aiki da zai ji daɗinsa. A ce, a misali, hayar gida 1,200,000 ce a shekara, dillali zai karɓi la'adar kashi goma cikin ɗari, lauya ma haka, kamar yadda aka saba a garuruwa da dama. Kashi goma cikin ɗari ba ya buƙatar kalkuleta: kowace lamba ta gusa ɗaki ɗaya zuwa dama, sai 1,200,000 ta koma 120,000. Biyu ke nan 240,000, jimla 1,440,000. In aka raba hayar gida goma sha biyu, wata ɗaya ya kama 100,000. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ya fara gane abin da mahaifinsa ke ɗauke da shi.

Miliyan nawa ce a zahiri?

Iya karanta lamba daban, sanin girmanta daban. Yara suna jin miliyan da biliyan a labarai har sun ɗauka wa da ƙane ne. Ku ce masa miliyan ɗaya takardar Naira dubu ce guda dubu, wato ɗauri goma mai takarda ɗari-ɗari. In yana jefa Naira dubu a asusu kullum ba fashi, sai ya yi kwana dubu kafin ya tara ta, kusan shekara biyu da wata tara. Gidan miliyan 25 zai ci masa fiye da shekara 68. Biliyan ɗaya kuwa, da wannan tari, sai an haura shekara 2,700. Ku bar shi ya yi rabawar da kansa, mamakin da zai yi shi zai sa abin ya zauna masa.

Abubuwan kiyayewa

Na farko, ku yi aiki da farashin da ke kan allo ko wanda kuka ƙirƙira. Ba dole ne yaro ya san ainihin kuɗin da aka sayi gidanku ko abin da ke asusun mahaifinsa ba. Bakin yaro ba shi da linzami, kuma a wannan zamani ba kowane kunne ne ya kamata ya ji irin wannan ba.

Na biyu, kada darasin ya zama awon arzikin maƙwabta. A nuna masa lamba tana auna kuɗin gini ne, ba ta auna mutuncin mutanen da ke ciki. Haka nan idan ana cikin matsin biyan haya, ba lokacin wannan wasa ba ne, domin yara suna ɗaukar damuwar iyaye fiye da yadda muke zato, har ta hana wasu barci.

Na uku, ban da tsawa da duka. Minti goma cikin raha, sau biyu ko uku a mako, ya fi awa guda ana hawaye. In ya yi kuskure, ku ce ya mayar da lambar cikin ɗakunanta, yawanci da kansa zai gano inda ya kauce. Kuma a zaunar da 'ya'ya mata tare da maza. Ita ma gobe za ta riƙe adashi, ta yi sana'a, ta sayi fili, ta karɓi gadonta, kuma babu mai tsare mata haƙƙi kamar idonta.

Uwargida ko maigidan da bai yi boko mai zurfi ba, kada ya ce wannan ba nasa ba ne. Wanda ya iya cinikin buhun shinkafa da lissafin kuɗin makaranta da ka ya riga ya san darasin. Ku faɗi kuɗin da baki, yaro ya rubuta, wani ya duba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku gwada lambobin nan uku yau, bayan wata guda ku sake gwadawa da wasu, ku rubuto mana abin da kuka gani.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.